Baƙon Kifi a Murhun Gwaggo Hajjo

Ba zan rantse a kan duk abin da zan faɗa ba, domin an daɗe, kuma mai yiwuwa na haɗa damina biyu wuri ɗaya. Amma ina tuna wata Laraba a shekarar da na shiga aji huɗu, ranar da kwalin kifin Gwaggo Hajjo ya iso daga Gashuwa ko rabi bai kai ba. Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe mu a Ngojin bayan rasuwarsa, kuma da sayar da banda take ciyar da gidan. Aikinmu mu yara shi ne shanya kifin a tabarma, mu shafa masa man gyaɗa saboda ƙwari, mu yi ta korar kaji da kara. Direban da ya kawo kwalin ya ce masunta suna jefa koma su ɗago ta kusan wayam.

Maƙwabcinmu Malam Bukar, mai aiki a shagon kifin ƙanƙara, ya kawo mata wani kifin teku mai faɗi, ja-ja, mai manyan idanu. Ta jujjuya shi, ta shinshina, ta ce, "Bukar, ba na sayar da kifin da ban san ruwan da ya sha ba." Ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, yaran nan ba ruwa suke tambaya ba, tuwo suke tambaya."

Muka kwana biyu muna shan miyar kuka lami, masu saye kuma suna leƙowa su juya. Wata safiya sai na ga ta karɓo baƙon kifin daga wurin Malam Bukar, ta tsaga shi, ta wanke shi da ruwan tsamiya, ta jera a kan wayar gangar da take yin banda. Na farko ya ruguje a wuta. Ta rage itace, ta ƙara haƙuri, har na biyu ya yi jawur ya tsaya. Ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba, takan ce, "Wannan baƙo ne, na teku." Da shi muka ci, da shi na gama makaranta.

Yanzu, in na fahimci abin da na karanta daidai, wasu ƙasashen ma kamun irinsa ya ja baya, sun koma kiwonsa kamar yadda ake kiwon tarwaɗa a nan. Nakan gode wa masuntan da ban sani ba, na gode wa Malam Bukar, Allah Ya jiƙan Gwaggo. Wanda ya ci bandarta, in na yi kuskure ya gyara mini, musamman sunan kifin, domin har ta rasu "baƙo" take kiransa.