Sukarin da Ya Dawo Ba da Shaida

Wata Laraba ce, a bazarar shekarar da na shiga aji huɗu a Babura, ana rana irin wadda ƙadangare ma sai ya nemi takalmi. Ina shigowa daga makaranta na tarar da Inna tsaye gindin rumbu, riƙe da kwanona mai lotsattsen baki, wanda ko akuyar gidanmu ta san nawa ne.

Ga yadda aka yi. Babanmu yakan sayo sukari mai ƙwaya a hannun 'yan Nijar ranar kasuwa, Inna ta adana a langa saboda kunun baƙi. Ni kuwa na gano cewa in ka jefa shi a ruwan zafi, sai ya ɓace kamar aljani, ruwan ya zauna garau. Kullum in ta dafa ruwan tuwo sai in ɗiba, in narka ƙwaya biyar, in zauna tsakar gida ina kurɓa. Har yabona ake yi, wai yaro mai kula da cikinsa. Da langa ta fara rama, sai zargi ya faɗa kan yayata Habi, don ita ke shiga ɗakin Inna shara. Ta sha rankwashi, aka hana ta zuwa dandali mako guda, tana rantsuwa tana kuka, ni ina gefe ina taya Inna girgiza kai.

Haɗama ce ta kashe ni. Na narka kusan rabin sukarin langar a ɗan ruwa kaɗan, ya yi kauri ya gagari sha, na ɓoye saman rumbu na manta. Ruwan ya huce, rana ta shanye shi, sukari ya dawo ya kama gindin kwano yana ƙyalli kamar fasasshen gilashi, tururuwa sun yi layi har ƙasa.

Inna ba ta doke ni ba. Cewa kawai ta yi, "Kai wa yayarka ta gani." Da ma ta doke ni! Habi ta dubi kwanon, ta dube ni, ta ci gaba da surfenta.

Yanzu tana aure a Roni, da jikoki. Na ba taron biki dariya da labarai ɗari, amma wannan ban taɓa iya tayar da shi a gabanta ba. Har yau ban ce mata ta yafe mini ba.