Mai Kular Ƙanƙara a Tashar Funtua

Tun hantsi muke jira motar Zariya ta cika, har yanzu saura mutum uku. A gabana akwai wani mai furfura jefi-jefi, wuyan rigarsa ya koɗe, yana rungume da ƙaramar kular ƙanƙara. Ɗan kamasho na cewa a sa ta a but, shi kuwa kai kawai yake girgizawa, yana duba agogo. Ina jin malamin jami'a ne, irin waɗanda bincike ɗaya ke cinye wa shekara goma.

Tsohuwar da ke gefensa, hannunta duk kantar fartanya, ta tambaye shi ko nama ne a cikin kular.

"Maganin ciwon daji ne, Iya. Muna ƙunshe shi cikin ƙananan kumfa, ya bi jini bai taɓa komai ba. Sai an ɗora na'urar hoton ciki a kan ƙarin, sautinta ya fasa kumfar, maganin ya zuba a nan kaɗai."

"Kamar taki a gindin masara, ba watsi ba," in ji ta. "A ina ake yi wa mutum?"

"Tukuna, Iya. Har yanzu a kan ɓeraye muke."

Ta gyara kallabinta, na hango babu gashi ko sili a ƙarƙashinsa, irin zubewar da maganin daji ke jawowa. Shi ma ya gani. Ya mai da ido kan kular, ruwan ƙanƙara na ɗiga yana jiƙa masa wando, bai ko goge ba.