Sai Ruwa Ya Kai Sama

Kawunmu mai gyaran famfo ne, kuma yana da wata doka da bai taɓa karyawa ba. In ya gama aiki a gida, ba ya karɓar godiya sai ya hau bene ya murɗa famfon hawa na ƙarshe. In ruwa ya zubo da ƙarfi, sai ya goge hannu a wando ya ce, "To, yanzu a gode." Ko ziyara ya je, sai ya leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke kafin ya zauna. Inna, matarsa, takan ce da ita bututu ce, da ta ga gata.

Da girma ya kama shi, sai matakala ta zame masa abokiyar gaba. Da ya fara hawa, ƙirji ya ɗaure kamar ana murɗa shi da sifana. Yakan tsaya a tsakiya ya ƙura wa bango ido, wai danshi yake dubawa. Inna ba ta yarda da wannan ba, ta tasa ƙeyarsa zuwa asibiti. Shi kuwa abu ɗaya ke cin ransa: in ba zai iya kaiwa famfon sama ba, sana'a ta ƙare.

Likitar zuciya, wata mai sanyin magana, ta nuna masa hoton jijiyoyin zuciyarsa a kwamfuta. Wuri biyu sun tsuke.

"Wannan ta ci tsatsa," in ji Kawu, yana dangwala yatsa kan wadda ta fi muni. "A cire ta a sa sabuwa. Ɗayar ma a haɗa."

"Baba, ba ma cirewa. 'Yar ragar ƙarfe muke zurawa ta tokare wurin. Kuma wannan da ka nuna, muninta a ido ne kawai, jini na wucewa, magani ya ishe ta. Waccan mai fuskar salihai ce ke hana ka hawa."

Ta yi masa bayani cewa daga hoton nan kwamfuta ke lissafa yadda ƙarfin jini ke faɗuwa bayan kowane matsatsi, har ta ƙiyasta yadda zai gudana in an sa ragar.

Kawu ya gyara zama. "Wato kun buɗe famfo tun ba a ɗaura bututu ba?"

"Hasashe ne, Baba. Mai ƙarfi ne, amma ba alkawari ba."

"Ni dai ban taɓa ganin hoton da ya jiƙa hannu ba."

"Malam, ka kwanta a yi maka," in ji Inna. "Kai da kake fasa bangon mutane, cikinsa kake gani?"

Ya kwanta. Aka zura raga guda ta jijiyar hannu. Dangi suka yi ta zuba wa likita godiya, ban da mai ƙirjin. Da ta zo duba shi, cewa ya yi, "Za dai a gani." Inna ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Ranar da suka koma asibiti, likita ta ce zai iya fara hawa a hankali. Ba ta rufe baki ba ya miƙe. Ya wuce lifta mai kai mutane sama ko kallonta bai yi ba, ya kama matakala, Inna na biye tana haki tana, "Malam, a hankali aka ce, don girman Allah!" Ko sau ɗaya bai tsaya duba danshi ba. A hawa na ƙarshe ya nemi banɗaki, ya murɗa famfo, ya tara hannu ɗaya a ruwan, ɗayan yana dafe da ƙirji. Ya daɗe a haka yana saurare.

Sannan ya sauko ya ƙwanƙwasa ƙofar likita.

"'Yata, ruwa ya kai sama. Na gode, Allah ya yi miki albarka." Ya rage murya. "Sai dai famfon naku na can yana ɗiga. Gobe zan zo da sifana."

Inna ta zube a kujera tana fifita da mayafi. "Likita, tunda kin gama da shi, ɗauki hoton tawa zuciyar."