Hannun Baba a Takarda

Shekarar da aka tura ni koyarwa Takieta na fara sa zanena a intanet. Ban yi ƙawaye a garin ba tukuna, in aka tashi lakwal, wato makaranta, sai in zauna a ɗaki da fensir da takarda har magariba. A gidanmu na unguwar Birni a Damagaram kowa ya san ina zane tun ina ƙarama, amma ko mutum na zana ko tukunya, abin da ake ce min bai wuce "Masha Allah" ba. Shi ya sa da wata malama abokiyar aikina ta nuna min gurup ɗin masu zane a salularta, na ce ta sa ni ciki.

Dokarsu ita ce duk wanda ya sa aikinsa ya yarda a faɗa masa gaskiya. Na yarda ba tare da wani tunani ba.

Na zaɓi zanen da na fi ji da shi: Baba a rumfarsa yana ɗinkin jakar fata. Baduku ne, haka ma mahaifinsa. Hutu guda na ɓata a kan fuskarsa, yadda yake matse ido in zai huda fata. Sai da na fita bakin babbar hanya kafin rezo, wato sabis ɗin waya, ya yarda hoton ya tafi.

Wani ya ce in ƙara raƙumi a baya don Turawa su saya. Wani ya ce zamanin fensir ya wuce. Waɗannan ban ko kula su ba. Sai wata mata mai koyar da zane a wata ƙasa ta rubuto da Faransanci. Ta ce fuskar tana da rai, amma hannuwan matattu ne. Yatsun duk tsawonsu ɗaya, kuma da irin wannan riƙon basilla ba za ta huda ko ganye ba. Ta ƙara da cewa na ɓoye hannun hagu a bayan jakar ne don ina tsoron zana shi. Ta maido min hoton, ta zagaye hannuwan Baba da jan layi.

Jan layin nan ya fi maganar ƙona min rai. Na rubuta mata amsa doguwa, cewa ba ta taɓa taka Damagaram ba balle ta san yadda dukawa ke aiki. Na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa, domin maganar hannun hagun gaskiya ce, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ran Asabar na shiga mota na tafi gida, na zarce rumfa da takarduna.

"Baba, don Allah ka tsaya haka, kada ka motsa hannun."

"Ke, aiki zan yi ko tsayuwa? Mai jakar nan gobe zai zo."

Bai tsaya ba. Haka na yi ta bin hannun da fensir yana motsi, ina zanawa ina sokewa. A ranar na lura babban yatsansa ya baje saboda danna fata, manuninsa kuma ya ɗan karkace. Hannun da ya rene ni, ashe ban taɓa kallonsa da kyau ba. Makonni na yi ina zuwa, har maƙwabtan rumfa suka fara tsokanata wai ko zan gaji sana'ar ne.

Da na gama sabon zanen na sa shi a gurup. Sai bayan kwanaki matar ta amsa, layi ɗaya tak: "Hannun dama ya gyaru. Wuyan hannun hagu kamar ya karye."

Ko sannu babu. Na wurga salular kan katifa. Abokiyar aikina ta same ni ina huci, ta ce, "To ki fita mana, wa ya ɗaure ki?"

"In fita in koma wa masu Masha Allah?"

Na ɗauko salular na rubuta mata "na gode", ina cizon leɓe.

Da na koma gida na ba Baba labarin. Ya juya hannunsa na hagu yana dubawa, ya ce, "Wai ita matar nan ta taɓa ganina?"

"A'a, Baba."

"To ki ce mata lafiyarsa lau."

Na yi dariya, amma da na koma Takieta na zauna ina goge wuyan hannun ina gyarawa, har takardar ta huje. Babu irinta a garin, dole na jira Asabar.