Ni Na Hana Shi Kai Shanunsa Allura

Abin ya yi mini wuya, kuma har yau bai daina ba. Edita, ni ba ɗan boko ba ne, aji huɗu na yi a firamare aka mayar da ni gona, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Lokacin da wannan abu ya faru na kusa shekara hamsin, ina noman masara da barkono a wani ƙauye tsakanin Ikara da Saulawa. 'Ya'yana maza duk sun tafi birni nema, matan an aurar. Gida ya rage daga ni sai mai ɗakina, ita kuma ba mai yawan magana ba ce. Shekarar da barkono ya yi kyau na shiga kasuwar Maƙarfi na sayi babbar waya, mai shagon caji ya zuba ni cikin guruf-guruf, wasu ma ban san ko na su wane ne ba. Tun daga ranar wayar ba ta huta ba. Yanzu ka ga ɗan siyasa yana kumfar baki, an jima ka ga mota tana tafiya ba direba, sai wani Bature yana bayanin taurari an ɗora masa muryar Hausa, sai sabuwar waƙa. Duk na adana. Ban taɓa tambayar wa ya haɗa su ba.

Ina da amini, Bafulatani ne, amma nan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa. Ba ardo ba ne, ni dai Ardo nake ce masa don tsokana, shi kuma ya laƙaba mini Malamin Waya. Tun zamanin iyayenmu, da an gama girbi garkensu a gonarmu yake sauka, shanu su ci kara su bar mana taki, ba rubutu ba shaida. Haka muka gada, haka muka ci gaba. Duk la'asar ta rani yakan jingine sandarsa a gindin ɗorawar da ke bakin gonata, mu zauna ina nuna masa duniya. Na siyasa ba ya so, yakan ce in wuce, waɗannan ko akuya ba za su iya kiwo ba. Amma wanda inji ke tatsar saniya sai da ya kalla ya fi sau goma, yana dariya yana cewa in matarsa ta gani za ta ce an zo ƙwace mata sana'a. Akwai wani mai busa sarewa kuma, ban san ƙasarsu ba, in na sa masa shi sai ya riƙa saurare yana kallon shanunsa. Wata rana na gaya masa waya ta ce za a yi husufin wata ranar kaza, aka kuwa yi. Daga nan ya sallama. Duk abin da na ce waya ta faɗa, ya zauna.

Sai ga wani bidiyo ya shigo. Shanu ne kwance a fili, sun fi a ƙirga, cikinsu ya kumbura, wani mutum yana magana da Hausa cikin kuka, yana rantsuwa cewa allurar rigakafi aka yi musu da safe, kafin azahar duk sun zube, wai da gangan ake yi don a ƙarar da dukiyar makiyaya. A makon ne kuma aka yi shela cewa malaman dabbobi za su zo yin rigakafin ciwon huhu. Na nuna wa Ardo. Ya kalla, ya sake kalla, ya ce shi dai tun yana yaro ake yi wa shanunsu wannan allura, iyaka wurin ya ɗan kumbura ya saɓe. Na ce wancan zamani daban, wannan daban. Ya tambaye ni a wane gari abin ya faru. Ban sani ba, wallahi ban sani ba, amma na ji kunyar in ce ban sani ba, sai na ce nan bayan Zariya ne. Ya ce in na tabbata, to ya ji. Na ce na tabbata. Ranar da sauran rugage suka kora shanunsu filin makaranta, shi tun da sassafe ya kora nasa fadama.

Wata uku ba a yi ba ciwon ya shigo, an ce a mashaya suka ɗauka. Da farko tari ne. Sai ka ga saniya ta tsaya ta ware ƙafafun gaba, ta miƙe wuya, tana nishi kamar mutum. Garken maƙwabtansa da aka yi wa allura suna nan suna kiwo, nasa kuwa mahauta sai zarya suke yi. Cikin ashirin da biyu, tara suka rage. Cikin waɗanda suka salwanta har da farar saniyar da ya ba 'yarsa ranar sunanta, wadda za ta tafi da zuriyarta gidan miji. Ina wurin da malamin dabbobin ya zo. Ya tambayi dalilin da ya sa ba a kawo su ba, Ardo ya ce ƙaddara ce, bai ko kalle ni ba. Ni ne na kasa haƙuri na ciro waya na nuna masa. Mutumin ya kalla ya yi tsaki, ya ce wannan hoton ya daɗe yana yawo, ba ma a ƙasar nan aka ɗauka ba, tsawa ce ta kashe shanun, wani ne kawai ya ɗora murya. Ya ce in dubi shanun da kyau, ko tozo ba su da shi. Na duba. Ba su da tozo. Ni da na tashi cikin shanu, sau nawa na kalli abin nan ban lura ba.

Da Ardo ya zage ni da na ji sauƙi. Bai yi ba. In mun haɗu a masallacin Juma'a yakan gaishe ni har ƙarshe, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, amma da sunana na yanka yake kirana, sunan Malamin Waya ya mutu. Bai sake zuwa gindin ɗorawa ba. Ni nakan je in zauna ni kaɗai har a kira magariba. A majalisar ƙofar gida ba wanda ya ce mini komai, sai dai in na ciro waya hira ta tsaya, wani ya tuna yana da uzuri. Mai ɗakina sau ɗaya ta yi magana, ta ce da na ce masa ban sani ba, da me zai ragu a jikina. Na sha ɗaura niyyar zuwa rugarsa, in na kai rafi sai in juyo. Me zan ce? Haƙuri ba ya haihuwar maraƙi.

Abin da nake so masu karatu su ji ke nan, musamman irina da muka riƙi waya da girma. Ba duk abin da ke motsi a cikinta ne gaskiya ba, kuma mai rantsuwa da kuka ma yana iya yin ƙarya. Waƙa ka saurara, rigimar 'yan siyasa ka yi dariya ka wuce. Amma abin da ya shafi lafiyar mutum ko dukiyarsa, kada ka ɗora shi a kan amanar da wani ya ba ka. Ka tura shi wurin masu aikin. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Wayar ba ta ce bayan Zariya ba. Ni na faɗa.

Bayan girbin bara, ina tashar Ikara ina jiran mota, wani ɗan acaba yake gaya mini Ardo zai tashi, zai bi ƙanensa kudu ya riƙa kiwon shanun wasu. Washegari da na idar da asuba ban koma ɗaki ba, na bi hanyar rafi, wannan karon na tsallaka. Na same shi yana tuge turaku, matan suna ɗaure ƙwarya. Na yi sallama, ya amsa, muka gaisa har ƙarshe. Na ce masa ƙarya na yi, ban san garin ba. Ya ce ya sani tun ranar, a fuskata ya gani, amma ya ɗauka ko ban san garin ba na san maganar. Akwai wani turke da ya ƙi fita, ƙasa ta riƙe shi. Na tuɓe rigata na kama gefe ɗaya, ya kama ɗaya, muka cire shi, na ɗauka na kai masa kan kaya.