Goshin Labbo Mahauci

Labbo taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa babu mai kai ni ƙara. Mahauci ne a kasuwar Jega, gadon uba da kaka, kuma balangunsa har daga Aliero ake aiko saye. Ni kuwa Buba, direba ne, ina jigilar mutane da albasa tsakanin Jega da Maiyama tun kafin a yanka mana jihar Kebbi.

Tun muna samari yake da jiki, amma daga baya abin ya wuce misali. In ya shiga motata, gidan gaba nasa ne shi kaɗai, kuma sai ta karkata. Mutane suna cewa hutu ne, Allah ya buɗa wa Labbo. Wane hutu! Ni nake jin numfashinsa kusa da kunnena. Abin da ya fi ci masa rai shi ne salla. Shekara shida goshinsa bai taɓa ƙasa ba, ciki ya tare, gwiwoyi sun ƙi. Kujerar roba aka ajiye masa a ƙarshen sahu, shi da bai cika hamsin ba. Malamai sun ce masa sallarsa ta yi, ya kuma yarda, amma ransa bai kwanta ba.

Wata rana a hanyar Mungadi ya ce mini, "Buba, ni ba ni son komi ga duniyag ga sai in aza goshina ƙasa kahin in mutu." Ranar ban yi masa tsiya ba, tausayinsa ya kama ni.

Jihar Kebbi tana da shekara goma sha biyu da kafuwa wani likita a Sakkwato ya ba shi shawarar tiyata. Labbo ya sayar da shanunsa da fadamarsa ta Kimba, ya tafi Masar, aka rage masa tumbi ya koma ɗan mitsitsi. Bai ji tsoro ba ko kaɗan. Ya ce tumbi nawa ya wanke da hannunsa?

Da ya dawo, likitan ya ce masa tiyata rabin aiki ce. Sauran rabin shi ne abinci a aune, tafiya da ƙafa, zuwa asibiti duk wata uku, sannan da ciki ya warke aka ƙara masa wata ƙwaya mai hana jiki shan maiƙo. Labbo ya ce to. Muna shiga mota ya ce, "Abin da wuƙa tay yanke ya yanku. Ka taɓa ganin na yanke kitse ya koma jikin sa?" Ƙwayar nan ya jefa ta aljihun wata tsohuwar riga.

Shekarar farko jiki ya zube sosai, har ya fara ruku'u a tsaye, sujada kawai ta rage. Sai abin ya tsaya cak, sannan ya fara dawowa. Matarsa Zaituna ta rantse ɗan kwanon da aka auna masa bai taɓa wuce shi ba, kuma gaskiya take faɗa.

Ni na kama shi. Motata ta lalace ranar kasuwa, na wuni zaune a rumfarsa. Duk naman da ya sauke daga wuta sai ya yanki gefen mai kitse ya jefa baki. Wani ya zo saye, ya yanka masa ɗanɗano, shi ma ya yanka wa kansa. Tun hantsi har la'asar bakinsa bai huta ba. Tumbin ƙarami ne, amma loma ɗaya-ɗaya ba ya mayar da ita.

Na ce, "Labbo, kai da Allah! Mi kaka yi haka?"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya. "Wanga ai ba ci ba na, ɗanɗano na. Baba bai taɓa saida naman da bai taɓa da halshe ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa kawu ɗanɗanawa yake yi, bai ce a cinye sa ba. Na ce ya sayar da fadama don sujada, yanzu zai sayar da sujada don kitse. Ya ajiye wuƙar.

Da kaina na kai shi Sakkwato na tona masa asiri. Aka fito da ƙwaya daga aljihu, ɗanɗano kuma ya koma bakin ƙanensa Jabir, abokin sana'arsa. Ƙwayar ma ba ta da wasa, in ya saci maiƙo sai ta kora shi bayan gida da gudu. Sau biyu ya gwada, ya tuba. Har yau yana kan magani, har yau ni ke kai shi awo, sai dai yanzu mutum biyu nake sawa a gidan gaba.

Bayan wata goma sha huɗu, wata Juma'a, na ji an matsa kafaɗata a sahu. Labbo ne, ya wuce kujerarsa. Liman ya yi kabbara muka yi sujada, muka ɗago, shi bai ɗago ba. Na ce a raina shi ke nan ya maƙale. Can sai ga shi ya taso a hankali, gemunsa jiƙe da hawaye.

Da muka fito na ce masa, "Ɗan kawu, goge goshinka, duk ƙasa ce."

Ya kama hannuna ya ce, "Bar ta. Sai Zaituna ta gani."