Wayar da ke Bayan Durowa: Jinjina ga Malam Barau Mai Suwici

Duk mai fita da sassafe a Talata Mafara ya san babur ɗin Malam Barau tun kafin ya san mai shi. Tsohon babur ne ja, da tsani ɗaure a gefe, da jakar fata a baya wadda ɗinki ya fi fata yawa a jikinta. Idan ya fito daga masallaci sai ya tsaya wajen mai koko ya sha a tsaye, sannan ya buɗe jakar nan ya duba kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya: filayar matse kan waya, da testa, da sukudireba biyu, da burushin fenti, da ƙunshin farar takarda mai mannewa, da biro. Sai ya gama wannan zai buɗe ɗan littafinsa ya ga inda ake jiransa. Yau Bakura, gobe Maradun, jibi wata makaranta a Kaya da kwamfutocinta suka daina jin juna. Shekara ashirin da biyu ke nan yana wannan zirga-zirga, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye, domin idanunsa sun fara rikita masa launin siraran wayoyi takwas da ke cikin kebul.

Da yawa cikin masu gaishe shi a hanya ba su san ainihin aikinsa ba. Wasu na zaton mai gyaran lantarki ne, har tsofaffi kan tare shi da rediyo a hannu, shi kuwa ba ya ƙi, sai ya gyara. Aikinsa na gaskiya shi ne haɗa kwamfutoci su yi magana da juna. Akwai wani shimfiɗaɗɗen akwatin ƙarfe mai ramuka arba'in da takwas da ake kira suwici, wanda wayar kowace kwamfuta ke zuwa ta shiga cikinsa. Idan kwamfutoci sun yi yawa, sai a ɗora akwatunan nan ɗaya bisa ɗaya a cikin durowar ƙarfe, a haɗa su ta baya da gajerun wayoyi masu kauri, su zama kamar guda ɗaya. Malam Barau ɗori yake kiran wannan, kuma a yankinmu ban san wanda ya kai shi iya shi ba.

Ba a kiransa Injiniya ya amsa. Cewa yake shi bai shiga jami'a ba, ma'aikacin wayar tarho ne a da, da tarhon ya mutu ya bi waya zuwa inda ta koma. Kuma yana da wata ɗabi'a da ake tsokanarsa da ita: ba ya barin waya ba suna. Kowace sai ya manna mata takarda a kai da gindi, ya rubuta lambarta. Maiɗakinsa Safara'u ta taɓa gaya wa matata cewa har buhunan hatsin gidansu lamba gare su, kuma tana jiran ranar da za ta farka ta tarar da takarda manne a goshinta.

Ni mai wannan rubutu sunana Ɗayyabu, ni ne manajan cibiyar jarrabawa ta kwamfuta da ƙungiyar 'yan garinmu ta gina shekara bakwai da suka wuce. Ina da dalilin rubuta wannan jinjina da hannuna, domin ni ne na taɓa yi wa mutumin nan rashin kunya a kan aikinsa, kuma ban taɓa ba shi haƙuri a gaban mutane ba.

Kafin a gina cibiyar, duk yaron da zai rubuta jarrabawar shiga jami'a sai ya tafi Gusau ko Sakkwato. Maza kan yi ƙoƙari su je. Mata kuwa, kowa ya san halin da hanyoyinmu suka shiga, iyaye da yawa ba sa bari. Ana cikin ginin ne wani dattijo daga Jangebe, Malam Yari, ya zo ofishina da 'yarsa Taiba, wadda malamanta suka ce ba a taɓa ganin mai lissafi irinta a makarantar ba. Bayan mun daɗe muna gaisawa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Manaja, gaskiya niz zo in hwaɗa maka," in ji shi. "In Mahwara ta, ta zo ta rubuta. In an ce Gusau, to, ta zamna gida. Ba ni iya sa ɗiyata bisa wagga hanya in koma in yi barci."

Taiba kuwa kanta na ƙasa tana murza bakin hijabi. Na yi masa alkawarin cewa a Mafara za ta rubuta. Na yi shi ne da ƙarfin gwiwar wanda bai san abin da ke cikin durowar ƙarfe ba.

Kwamfuta ɗari biyu da arba'in muka jera, Malam Barau ya ce suwici shida za a saya. Na lissafa na ga biyar sun isa, tunda kowane na ɗaukar arba'in da takwas. Ya ce shi arba'in-arba'in zai sa, ya bar ramuka takwas a buɗe a jikin kowane. Na yi gunaguni, na bar shi. Ya yi mako uku yana jan waya cikin silin a tsakiyar zafin bazara, yana fitowa kamar an tsamo shi daga rijiya. Ya ɗora akwatunan shida da 'yar tazara tsakaninsu don su sha iska, ya haɗa na ɗaya da na biyu, na biyu da na uku, har zuwa na shida. Ranar wata Litinin aka kunna. Fitilu korra suka jeru suna ƙyaftawa, kwamfutocin duka suka ga uwar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyi, wadda ake ce wa saba. Na miƙa masa takardar kammala aiki don ya sa hannu, saboda ranar Alhamis masu duba cibiya za su zo.

Ya mayar da biron aljihu.

"Aikin ga bai ƙare ba, Manaja."

Ya zagaya da ni bayan durowar, ya nuna mini wata waya da ta rage a kwali. Ya ce ita ce za ta taso daga na shida can ƙasa ta koma wa na ɗaya a sama, amma wadda ta zo cikin kwalin gajera ce, ba ta kaiwa. Sai an nemo doguwa, kuma a Kano kaɗai ya san ana samunta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa ga fitilu nan korra, ga komai na aiki, me kuma yake nema? Na ce tsufa ne ya fara sa shi ƙaƙale. Har na ce idan ba zai sa hannu ba zan kira wani daga Gusau ya sa. A gaban leburori na faɗi wannan, ga mutumin da ya girme ni da shekara ashirin.

Ya sunkuya ya zare 'yar wayar da ke tsakanin na biyu da na uku.

"Tahi ka duba zaure," ya ce.

Na je. Layi biyu na gaba suna aiki. Sauran kwamfuta ɗari da sittin duka sun rasa saba, alhali ga fitilunsu can korra a durowa kamar ba abin da ya faru. Na dawo wurinsa bayan durowar.

"Abin da munka yi yanzu sarƙa ta," in ji shi. "In ta tsinke wuri guda, dud na ƙasa sun ɓace. In munka mai da wagga waya sama, ta zama zobe. Zobe ko ya tsinke nan, magana ta zagayo ta can. Ni ba ni sa hannu ga sarƙa."

Washegari ni da kaina na hau motar Kano. Na kwana a can, na dawo ranar Laraba da wayar da ba ta kai tsawon sandar makiyayi ba, ina jin kunyar gaya wa fasinjoji abin da ya kai ni. Ya karɓa, ya ɗaura, ya manna mata takarda. Sannan ya sake zare ta tsakiyar, ya ce in je in duba. Ko kwamfuta ɗaya ba ta motsa ba. A lokacin ya sa hannu, masu dubawa suka zo ranar Alhamis suka amince da mu, kuma cikinsu babu wanda ya leƙa bayan durowar.

Ranar jarrabawar farko, zaman ƙarfe goma sha ɗaya, zauren ya cika. Taiba na kujera ta casa'in da bakwai. Mahaifinta na waje ƙarƙashin dalbejiya tare da sauran iyaye, ya kawo ta a kan babur tun da hantsi. An yi kamar minti arba'in da farawa sai na ji ƙauri. Suwici na uku ya ƙone, zafi ya kashe fankarsa. Hannaye suka tashi a layi na uku, daga kujera ta tamanin da ɗaya zuwa ta ɗari da ashirin. Na hango Taiba ta dafe baki tana kallon allon da ya tsaya cak.

Jami'ar da aka turo ta kula da jarrabawar ta duba agogo. Ta ce minti ashirin za ta ba mu. Idan ba a gyara ba za ta rubuta rahoto, a mayar da yaran wata cibiyar, mu kuma mu san inda muka tsaya. Na san wace cibiyar ce, kuma na san wa ba zai je ba.

Malam Barau na zaune a kan benci kusa da durowa tun safe, ba wanda ya gayyace shi. Ya miƙe ya ce mini, "Lahiya lau, Manaja. Riƙa mani tocila." Yara ɗari biyu na ci gaba da rubutunsu ba su ma san an yi wani abu ba, saboda maganar akwatunan ƙasa ta bi doguwar wayar nan ta zagaya. Shi kuwa ya shiga zare wayoyi arba'in daga mataccen akwatin, yana karanta lambar kowace, yana kai ta ramukan nan takwas-takwas da na yi masa gunaguni a kansu. Akwati biyar, rami takwas kowane, arba'in daidai. A minti na goma sha ɗaya allunan layi na uku suka dawo, kowa daga inda ya tsaya. Jami'ar ta rufe littafinta ba ta rubuta komai ba.

Da aka tashi, Taiba ta fito da gudu ta gaya wa mahaifinta kwamfutarta ta mutu kuma ta tashi. Malam Yari ya zo ya kama hannuna biyu yana ta sa mini albarka. Ni kuwa na tsaya na karɓe albarkar nan duka, ban ce ga mai ita can ba. Malam Barau yana bayan durowa yana kaɗe ƙura da burushinsa. Wannan abu ya daɗe yana cina.

Malam Barau, yau ga ni na fito fili. Kai ne ka ƙi sa hannu ranar da kowa ya ce aiki ya yi. Kai ne na zaga a gaban leburori ka amsa mini da zare waya ɗaya. Barau na Safara'u, mai rufe zobe! Na tambaya a Bakura, ma'aikatan wani asibiti sun ce tun da ka haɗa musu nasu ɗorin ba su sake mayar da mai jinya gida don an kasa buɗe fayil ɗinsa ba. Na tambaya a Maradun, sun ce duk durowar da aka buɗe aka ga takardu manne da wayoyi, ba a tambayar wa ya yi. Ka yafe mini maganar ranar Litinin ɗin nan. Na ji kunya a lokacin, kuma har yau ina ji.

Makon jiya ya zo yi mana sallama. Ya riga ya koya wa ma'aikatanmu biyu aikin, ya bar musu littafinsa da filayarsa. Mun gaisa, ya tambayi iyali da aiki da zafi, amma na ga hankalinsa ba ya wurina. Ya wuce bayan durowa. Idon ba ya gani sosai yanzu, sai ya sa hannu ya laluba daga ƙasa, ya bi doguwar wayar da yatsu har sama.

"Tana nan," ya ce, yana murmushi.

Na ce tana nan, kuma tana nan muddin ina nan.

Mun gode, Malam Barau. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka huta cikin jikokinka, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba. Ku kuma masu sana'a, magina da masu walda da malamai da mu masu zaman ofis, kowa yana da irin wannan waya a bayan aikinsa, wadda mai dubawa ba zai leƙa ba, kuma komai zai yi kamar yana tafiya ba tare da ita ba. Don Allah a riƙa ɗaura ta kafin a sa hannu.

Bana wata malamar lissafi ta kawo mana ɗalibanta mata talatin da ɗaya daga Jangebe. Ta tsaya a bakin zauren tana nuna musu kujera ta casa'in da bakwai, tana ba su labarin ranar da kwamfutarta ta mutu ta tashi. Ta juyo ta sake yi mini godiya, kamar yadda take yi duk shekara. Malama Taiba, na san za ki karanta wannan. Ba ni ba ne. Sunansa Barau, gidansa na bayan tsohuwar tasha, mai jan babur a ƙofa, kuma daga ƙarshen watan nan kullum yana gida.